Wanda Ya Jingina Tsintsiyar

6 ga Oktoba, 1974

Zuwa ga Kaka Aune,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi, kuma kin samu wanda ya faskara miki itace kafin sanyi ya kama. Ni lafiyata lau, sai ɗan tarin da na kwaso a jirgin ƙasa, shi ma ya tafi.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Mama. A makarantar nan babu wanda ya san inda na fito. Ranar farko abokiyar ɗakina, Meredith, ta tambaye ni garinmu, sai na ji bakina ya ce Detroit. Ba ƙarya ce zalla ba tunda Mama na aiki can, amma kin san sau biyu kacal na taɓa zuwa. Sunanmu ma ya rufa mini asiri, tunda kakanmu ya juya sunan gidanmu, Maki, zuwa Turanci ya koma Hill. A wurinsu Sylvia Hill nake.

Littafin nan ne ya jawo. Kin san wanda nake nufi, na mutumin da ya yi hunturu ɗaya a gidanku ya koma ya rubuta labarin garinmu. A gida babu mai ambatonsa. A nan kuwa ya kusa zama littafin coci, duk 'yar aji ɗaya sai ta shekara a kansa.

Malamin adabi sunansa Malam Prescott, dogo ne mai yawo da lofe a baki wanda bai taɓa kunnawa ba. Ba ya barin abu ya zama abin da yake. Hankaka a wurinsa mutuwa ce. Tafki mantuwa ce. Ranar Talata ya sa muka ƙirga sau nawa aka jingina tsintsiya a jikin ƙofa a cikin littafin. Sau bakwai. Ya rubuta bakwai a allo ya zagaye ta, yana murmushi kamar wanda ya haƙo jan ƙarfe.

"To, 'yan mata, me marubucin ke faɗa mana? Ku tona."

Meredith, wadda na tabbata ba ta san ta ina ake riƙe tsintsiya ba, ta ce alama ce ta bautar da ake sa mata.

"Da kyau. A ƙara tonawa."

Wata Pamela ta ce ai mayu ke hawan tsintsiya, ƙila matan garin mayu ne. Aka yi dariya. Sai ya cire lofen ya ce, "Mutanen nan zukatansu a kulle suke. Ba su iya cewa to ba, ba su iya cewa a'a ba. Shi ya sa a babin ƙarshe, da saurayin ya zo ya tafi da yarinyar, ba ta fito ta sallame shi ba. Tsintsiya ta bari ta yi mata magana."

Kaka, na zauna kamar an dasa ni. Ɗan shekara uku a garinmu ya san tsintsiya a jikin ƙofa na nufin babu kowa a gida, kar ka wahalar da kanka ka keto ƙanƙara tun daga titi. Ƙofofinmu ba su da makulli, to me za a sa? Da aka zo kaina na ce ban gama tunani ba, ya ce, "Malama Hill kullum cikin tunani take," suka sake dariya.

A ɗakin kwana kuma kwaikwayon mutanen littafin suke yi. Meredith ta ɗaura tawul a ka, ta haɗe rai, tana gurnani kamar saniya, wai ita ce yarinyar. Na yi dariya tare da su. Na yi, alhali na san abin da ake raɗawa a gari, cewa yarinyar nan Kaka Saima ce, yayarki, uwar Babana.

Ina roƙon alfarma ɗaya. A kan babban tebur ake baza wasiƙunmu, kowa na gani. Don Allah ki riƙa aika taki wurin Mama, ita ta sa a wani ambulan ta turo mini.

Jikarki,
Sylvi

20 ga Oktoba, 1974

Sylvi, ko in ce Malama Hill ta Detroit,

Na samu wasiƙarki. Gwiwa tana nan inda kika bar ta. Itace ni na faskara abina, wa zan jira? Ƙanƙarar farko ta sauka ranar Laraba. Tarin nan ki sha madara mai zafi, kar ki ce ya tafi, na san ƙirjinku.

Wato iyayen yaran nan sun kwaso su daga gidajensu don a koya musu hankaka mutuwa ce. Ki gaya wa malaminku ya zo bayan gidana ranar da na zubar da kawunan kifi, zai ga mutuwa talatin suna dambe.

Mutumin da kuke bauta wa ɗin na san shi tun ban kai shekarunki ba. Magatakarda ne a ofishin kamfanin ramin haƙar ma'adini, ya kama ɗakin ƙasa a gidanmu. Ranar farko da aka kai shi sauna, ɗakinmu na wankan tururi, da safa a ƙafa ya shiga, tururi na tashi ya fito a guje yana cewa za mu dafa shi. Bai iya faskare ba, bai iya tatsa ba, sai zaman bakin taga da fensir yana kallon mutane suna aiki. Wai ba mu magana. Me za mu ce masa? Ba ya jin harshenmu, mu kuma ga shanu suna jira.

Zancen Saima kuwa, ki bar matattu su huta.

Wasiƙata ba za ta bi ta Detroit ba. Shekara saba'in da huɗu ina garin nan ban taɓa shiga gidan kowa ta taga ba. Ga sunana da na gari a bayan ambulan da manyan baƙaƙe, ko mai hakiya zai karanta. In kunyarmu kike ji, ki ji abinki can, kar ki aiko mini da ita, ba ni da wurin ajiya.

Na sa miki safar ulu biyu da busasshen burodi mai kirfa. Ki tsoma a kofi. In 'yar tawul ta tambaya, ki ce abincin mayu ne.

Kakarki,
Aune

17 ga Nuwamba, 1974

Kaka Aune,

Ina gaishe ki da sanyi. Safar ta yi mini daidai, burodin kuwa a ɓoye na cinye shi, ba don kunya ba, don ba su cancanta ba. Tari ya tafi da gaske.

Ambulan ɗinki bai tona ni ba. Kin san marubucin ya canja wa garin suna a littafin, kuma yaran nan ba su taɓa tunanin wurin na nan da gaske ba, da mutane a ciki masu zuwa gidan waya.

Ga abin da ke gabana. Tallafin da nake karatu da shi na shekara ɗaya ne. A ƙarshen Maris kwamiti ke zama ya duba wadda za a sabunta wa, kuma Malam Prescott ne shugaba. Abin da suka fi dubawa shi ne babbar maƙalar da kowace za ta rubuta, shafi goma kan alama ɗaya a littafin. Ya raba mana. Meredith ta samu tafki, Pamela hankaka. Ni ya ba ni tsintsiya, wai tunda ni ce mai tunani.

Makon jiya aka ce mu kawo gwaji, shafi biyu. Na zauna awa ɗaya na zuba masa irin abin da yake so. Na rubuta cewa kowane tsinke na tsintsiyar kalma ce da mutanen garin suka haɗiye, igiyar da ta ɗaure su kuma tsoro ce. Ya ba ni maki mafi girma a aji. Ya karanta wa kowa da ƙarfi, ido a rufe, yana gyaɗa kai kamar mai ɗanɗana miya. Ashe abin ba shi da wuya. Ka ɗauki kowane abu a gidan talaka ka ce baƙin ciki ne, shi ke nan ka zama mai zurfi.

Na sake karanta babin ƙarshe sau uku. Saurayin ya zo da keken doki, ya tsaya a bakin shinge, ya ga tsintsiya, ya ga hayaƙi na fita ta bututu, ya juya. Malam ya ce hayaƙin shaida ce tana ciki tana jinsa. Wa ke kashe murhu a watan Maris don zai je maƙwabta? Ni dai na ce mutumin wawa ne. Da ya jira awa ɗaya ta dawo daga inda ta je, da babu littafi, da na huta.

Wani lokaci ina jin kamar in rubuta gaskiyar kawai. Amma shafi goma zai koma layi ɗaya, kuma za a tambaye ni inda na sani.

Kaka, ke kina gidan a lokacin. Kin fi kowa sanin wanda ya jingina tsintsiyar ranar nan, da abin da ya sa. Ba sai kin ɓoye mini ba, na girma.

Jikarki,
Sylvi

12 ga Janairu, 1975

Kaka Aune,

Barka da sabuwar shekara. Ina fatan kina lafiya. Na ma san kina lafiya, don da na je hutun Kirsimeti wurin Mama ta buga wa matar fasto waya, ta ce kowace Lahadi kina coci kina gyara wa mawaƙa kuskure. Ni ma ƙalau.

Mako takwas ke nan babu layi ɗaya daga gare ki. Na gane. Na yi dariya da 'yar tawul, na sayar da mu don maki, kin ga ban isa ki ɓata kan sarki a kaina ba. Da kin zage ni ya fi mini sauƙi.

To ki kwantar da hankalinki, asiri ya tonu, kuma ambulan ɗinki ne ya tona. Na sa shi a cikin littafin don in riƙa gane inda na tsaya. Ranar Litinin ya faɗo a gaban teburin Malam Prescott. Ya ɗauka zai miƙo mini, sai idonsa ya sauka kan manyan baƙaƙenki. Shi ya san ainihin sunan garin. Lofen ya kusa faɗowa daga bakinsa.

Ya kira ni ofishinsa. Ya ba ni kujera, har da shayi.

"Malama Hill, wata huɗu kina zaune a kan ma'adini kin yi shiru? Wace ce wannan Aune Ranta?"

Na ce ƙanwar kakata ce. Ya san sunan Ranta, ya san gidan, ya san har da sunan Kaka Saima. Shekara goma sha biyar yana rubutu kan littafin nan. Ya ce ya taɓa zuwa garinmu da kansa, ya kwana uku, amma duk gidan da ya nufa sai ya tarar da tsintsiya a ƙofa. "Kin ga? Alamar na nan da ranta." Na sunkuyar da kai don kar ya ga bakina. Na hango ku a bayan labule kuna shan kofi kuna jiran ya wuce.

Na yi ƙarfin hali na gaya masa ma'anarta. Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa yaron da ya kawo wa mutum dutse kyauta.

"Wannan zahiri ke nan, 'yata. Mu abin da ke ƙarƙashi muke nema."

Abin da yake so shi ne ki rubuto abin da kika tuna na ranar nan, da hannunki, in sa a maƙalata, shi kuma ya sa a littafinsa. Ya san in shi ya tambaya ba za ki amsa ba. Da zan fita ya ce, "Kwamiti na son yarinyar da ta kawo wa makaranta abin da babu shi a ko'ina." Bai ƙara ba, ni ma ban buƙaci ƙari ba.

Yanzu kowa ya sani. Meredith ta daina ɗaura tawul, ta koma bina da tambaya. "Da gaske kuna dukan juna da ganye a cikin tururi? Kakarki na magana kuwa? Ki ɗan yi mana irin shirun naku mu gani." Na fi son lokacin da ba ta san ina ɗakin ba.

Ba na roƙonki komai. Ko kin rubuto cewa kun tafi coci ne ranar, zai ce cocin alama ce. Na dai faɗa miki ne don ke kaɗai nake faɗa wa abubuwa, ko kina amsawa ko ba kya amsawa.

Sylvi

2 ga Fabrairu, 1975

Sylvi,

Lafiyata lau, in ban da barci da ya yi ƙaura. Ƙanƙara ta kai taga. Saniyar maƙwabcina Lahti ta haifi tagwaye, ɗaya ya mutu.

Ke da malaminku duk jirgi ɗaya ya ɗauko ku, kowa ya ga abu sai ya ba shi ma'anar da ta dame shi. Ba fushi nake da ke ba. Wa ya damu da dariyarki? Layin ƙarshe na wasiƙarki ta Nuwamba ne ya zaunar da ni. Kin ce na fi kowa sanin wanda ya jingina, ba sai na ɓoye ba. Na ɗauka Saima ta faɗa wa ubanki kafin ta mutu, shi ya faɗa wa uwarki, ke kuma kina jira in furta da bakina. Sau huɗu na fara amsa ina jefawa a murhu. Sai da ta Janairu ta zo na gane ba ki san komai ba, surutu kawai kike yi. Amma na riga na tono abin, ya ƙi komawa rami. To ga shi.

Watan Maris ne, 1913. Uwarmu ta shekara biyu da rasuwa. Saima na da sha tara, ni sha biyu, ga ƙannenmu maza biyu ƙanana, ga shanu huɗu, ga uba da in ya fito daga rami sai ya shiga kwalba. Saima ce uwar gidan. Ita ke tsefe mini kai, ita ke tsayawa tsakaninmu da shi ranar da aka biya albashi.

Son magatakardan nan take yi. Kar ki tambaye ni me ta gani. Suka shirya zai zo ranar Asabar da tsakar rana, lokacin Baba na ƙarƙashin ƙasa, su kama jirgin ƙasa na ƙarfe biyu. Yaran ta kai su gidan maƙwabta tun safe. Ta sa rigar cocinta, ta ɗaure kayanta, ta hau ɗakin sama na baya, wanda tagarsa ke kallon daji, don kar masu wucewa su gan ta cikin ado. Ta ce mini, "Aune, in ya iso ki kira ni. Zan aiko a ɗauke ki kafin kaka." Na ce to.

Na fita, na rufe ƙofa, na jingina tsintsiya, na shiga ɗakin shanu na leƙa ta tsagar katako.

Magatakardan ya iso. Ya san ma'anarta sarai. Wata biyar yana gidanmu. Mun koya masa cewa ba a ƙwanƙwasa ƙofar da ke da tsintsiya, kuma a duk abin da muka koya masa wannan kaɗai ya riƙe. Ya ɗauka ta bar gidan ne don kar ta haɗa ido da shi. Ya tsaya a bakin shinge har dokin ya fara tono da ƙafa. Ya cire hula, ya mayar. Sannan ya juya.

Na ɗauke tsintsiyar na mayar bayan murhu. Ƙarfe uku ta sauko.

"Bai zo ba?"

"Bai zo ba."

Ta buɗe ƙofa ta ga sawun keken a ƙanƙara, ya zo har shinge ya yi kwana. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauka zuwa ya yi, zuciyarsa ta karye, ya fasa. Ta cire rigar coci ta ɗauki bokitin tatsa.

Bayan shekara goma sha biyu littafin ya fito. Matar faston wancan lokacin ta karanta mata shi, tana juya mata zuwa harshenmu. Washegari Saima ta zo gidana, lokacin ubanki ba a ma haife shi ba. Ta sha kofi biyu. Ta ce, "Ashe tsintsiya ce." Na ce, "Tsintsiya ce." Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta mutu, kuma kowace Asabar tare muke shiga sauna, ita ke cuɗa mini baya.

Kar ki ce mini yarinya ce ni a lokacin. Na san abin da nake yi. Nakan ce wa kaina da ta bi shi da yunwa ta kashe ta, kuma da babu ke. Wasu ranakun wannan na yi mini aiki.

Ki kai wa mai lofe takardar nan. Da hannuna na rubuta, ga sa hannu. Ya tona har ya gaji. Me za a yi wa tsohuwa irina, a hana ni miji? Karatunki ya fi sunana amfani. Kar ki yi mini taurin kan gidanku.

Aune Ranta

23 ga Maris, 1975

Kaka Aune,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa. Ina fatan barci ya dawo. A nan ƙanƙara ta narke, ko'ina taɓo, yaran nan suna ta murna wai bazara ta zo. Lafiyata lau.

Ki yafe mini jinkiri. Wannan karon ni ce na yi ta farawa ina yagewa.

Abin da ya fara ba ni haushi da na karanta wasiƙarki shi ne, ashe mai lofe ya fi ni kusa da gaskiya. Kaka Saima tana ciki, kuma da tsintsiyar aka ce wa saurayin a'a. Wata biyar ina raina shi a zuci, ashe ni ma rabin labari na riƙe ina taƙama. Wannan bai sa na fasa raina shi ba. Wanda ya yi harbi a duhu ya samu barewa ba maharbi ba ne.

Na ɗauki wasiƙar har ƙofar ofishinsa sau biyu. Na biyun na tsaya ina jinsa ta cikin ƙofa yana yi wa wata bayani. Sai na ji yadda zai karanta ki. Zai rufe ido. Zai ce ƙanwar alama ce ta hassada, ko ta ƙasar da ba ta sakin 'ya'yanta. Za a rubuta ki a allo a zagaye. Baɗi 'yan aji ɗaya za su ƙirga sau nawa kika leƙa ta tsagar katako, wata kuma za ta ɗaura tawul ta yi ke. Babu wanda zai tambaya wa zai tsefe miki kai in ta tafi.

Kowane mako sai ya tare ni a baranda. Ranar Juma'a ya ce, "Malama Hill, har yanzu tsohuwar ba ta ce komai ba?"

Na ce, "Ta ce. Amma ni ta faɗa wa."

Ban san daga inda muryar ta fito ba. Ya cire lofe ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kin san abin da kike yi wa kanki kuwa?"

Na ce na sani. Na juya na wuce ɗaki.

Maƙalar na miƙa ta jiya. Shafi huɗu ce, ba goma ba. Na rubuta yadda ake yi a garinmu: cewa kan tsintsiyar sama yake kallo don kar ya daskare a ƙasa, cewa maƙwabci in ya gan ta kwana biyu a jere sai ya shiga ya duba murhu da shanu, cewa yaro na ƙarshe da ya fita shi ke jinginawa kuma shi ake yi wa faɗa in ya manta. Na ce saurayin littafin ya san duk wannan. Daga nan na tsaya. Na sa sunan garinmu a sama, a ƙasa na sa Sylvi. Ya duba shafin farko a gabana ya ce wannan ba nazari ba ne, bayanin shara ne. Meredith ta cika shafi goma sha uku kan tafkin da ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba.

Kin ce kar in yi miki taurin kai. To, na riga na yi. A babban falo akwai murhun da ake kunna wa baƙi don ado. Yau da safe, kowa na wurin karin kumallo, na karanta wasiƙarki sau ɗaya na ƙarshe na sa ta a ciki, na tsaya har ta zama toka. Ba ni da abin ba shi yanzu ko da na tsorata, kuma na san zan tsorata, shi ya sa na yi.

Ranar Alhamis kwamiti zai zauna. Ban faɗa wa Mama ba tukuna. In sun sabunta, to. In ba su sabunta ba, ba Detroit zan je ba, makarantar garinmu ma tana da allo da alli. Ki sauke buhunan dankalin da ke kan gadon ɗakin sama, ki buɗe tagar ya sha iska.

Jikarki,
Sylvi